Kofi Biyu da Kwalba Ɗaya

Asabar

Na iso Zariya bayan la'asar, da jakar kaya da takardun da za a yi mana jarrabawa a kansu bayan hutu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da aji biyu na firamare, sai yanzu da na koma karatun digiri na ƙarshen mako aka sake haɗa ni da Jean Piaget, wanda tun muna kwalejin horon malamai muke ce wa Piyaje. A wancan lokaci karatun aku na yi masa: hankalin yaro mataki huɗu ne, daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai na ƙarshe daga nan zuwa sama. Na rubuta, na ci, na manta.

A mota na sake bin tarihinsa. An haife shi a Suwizalan a 1896, kuma tun yana yaro aikinsa tsintar katantanwa yana nazarinta. Wajen 1920 aka ba shi aikin gwada basirar 'yan makaranta a birnin Faris. Maimakon ya ƙirga waɗanda suka ci, sai hankalinsa ya koma kan waɗanda suka faɗi, domin ya lura tsara ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Daga baya 'ya'yansa uku ya zuba wa ido tun suna zanin goyo, yana rubuta abin da ya gani. To ga shi gidan Hajiyarmu ma jikoki uku ne, 'ya'yan Yaya: Ummi mai shekara takwas, Abba mai biyar, da Auta mai wata tara. Na samu ɗakin gwaji a ɓagas.

Lahadi

Da hantsi na zuba zoɓo a kofi biyu iri ɗaya. Abba ya sa na yi ta ɗiga wa wannan ina rage wancan har ya yarda sun zo daidai. A gabansa na juye ɗaya cikin wata siririyar kwalba.

"Yanzu fa, wanne ya fi yawa?"

"Na kwalba."

"Me ya sa?"

"Gwaggo, ba ki ga ya fi tsawo ba?"

Ummi ta kwashe da dariya. "Ai ba a ƙara ba, ba a rage ba. Mayar da shi kofi ki gani."

Har tsigar jikina ta tashi, domin hujjoji biyun da ta kawo su ne Piyaje ya ji daga bakin yaran birnin Janiba na Suwizalan. A wurinsa Abba ba daƙiƙi ba ne. Idonsa ya kama tsawo ya saki faɗi, kuma bai kai ga mayar da abu baya a cikin kansa ba. An ce ido ba mudu ba, ya san ƙima, amma idon ɗan shekara biyar da sauransa.

Hajiya tana tsince shinkafa tana kallonmu. Ta ce, "Malama, wannan ne karatun da ake biya wa kuɗi? Ai tun kuna ƙanana, mai kukan an ba shi kaɗan nake juye masa nasa a ƙaramin kwano ya cika fal, ya yi shiru." Ta juya ga Abba: "Maigida, rabu da su, wayo ne bai zo ba tukuna." Na tambaye ta yaushe yake zuwa. Ta ce wajen lokacin da ake fara cewa yaro ya tashi ya yi salla. Bakwai ke nan, daidai inda Bature ya ja layinsa.

Litinin

Yau na jera dabino shida-shida, layi biyu, kowane yana kallon ɗan'uwansa. Abba ya ce daidai suke. Na baza layi ɗaya ya yi tsawo, na sake tambaya. Ya dube ni, ya dubi dabinon, ya nuna dogon. Na rubuta a littafina cewa Piyaje ya sake yin gaskiya.

Na sake jera su ke nan sai Auta ya rarrafo ya kai hannu ya watsa layi ɗaya. Ina ƙoƙarin janye shi na ce, "Kash, ya ɓata mana. Yanzu na wa ya fi yawa?" Abba ko ɗagowa bai yi ba: "Ɗaya ne mana, Auta ne ya taɓa."

Da dare na ga ashe an riga ni. A Edinbara ta Sikotilan, James McGarrigle da Margaret Donaldson sun yi wannan gwaji a 1974, sai dai su wata 'yar tsana suka sa ta fito kamar da ɓarna ta hargitsa layin. Yaran da suka ba da amsa daidai sun fi yawa nesa ba kusa ba idan 'yar tsana ce ta taɓa, ba babban mutum ba. Dalilin bai yi mini wuyar ganewa ba. Idan babba ya tambaye ka, ya taɓa abu da gangan, ya kuma maimaita tambayar, ai ka san amsar farko ba ta gamshe shi ba. Balle yaronmu, da aka yi wa tarbiyyar kada ya yi musu da na gaba da shi. A ajina in na ce "Ka tabbata?" babu yaron da ba ya sauya amsa, ko da ta farkon ce daidai. Sau nawa ke nan na auna ladabi na ɗauka basira nake aunawa?

Talata

Auta kaɗai na samu yau. Na kaɗa masa makullai, na rufe su da ɗankwali, ya yaye ya ɗauka. Sau uku muna haka. A na huɗu, yana kallo, na sa su ƙarƙashin faifai. Ya miƙa hannu ya yaye ɗankwalin. Wannan ma Piyaje ya rubuta shi: jariri ya fara sanin cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan, amma hannunsa na komawa inda ya saba samu. Uwarsa ta ce in daina wahalar mata da ɗa.

Laraba

Babu wuta tun jiya, zafi ya koro kowa tsakar gida. Abba yana gindin darbejiya yana haɗa motar kara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Ba da kowa yake ba, amma bakinsa bai tsaya ba: "Wannan nan... a'a, ya yi gajere. Sai an huda tukuna. Kar ka karye, kar ka karye." Da tayar ta ƙi shiga sai maganar ta ƙaru.

A nan Piyaje da wani malamin suka raba hanya. Piyaje ya ɗauki irin wannan surutu alamar yaro bai iya sa kansa a matsayin mai saurare ba. Lev Vygotsky na Rasha, wato Bigotski, wanda shi ma a 1896 aka haife shi, ya ce sam. Maganar da manya suka yi ta yi wa yaro ce ya karɓa yake yi wa kansa jagora da ita, kuma nan gaba za ta nutse ciki ta zama tunani. Na kasa kunne, sai na ji "a hankali, a hankali" da muryar babansa sak. Tarin fuka ya kashe Bigotski a Mosko a 1934 yana da shekara 37, littafinsa kan tunani da harshe bai fito da Turanci ba sai 1962. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ina daka wa masu ƙunƙuni a lokacin lissafi tsawa su rufe mini baki.

Alhamis

Akwai yarinyar da ke kawo tallan awara kullum da yamma, ba za ta wuce shekara goma ba, tana aji huɗu. Na sayi guda bakwai a kan wazobiya-wazobiya, na miƙa mata ɗari biyar. Kafin in rufe jaka ta ce, "Ɗari uku da hamsin. Hamsin ta cika ɗari huɗu, ɗari ta cika biyar. Canjinki ɗari da hamsin, Anti." Na gwada ta da guda goma sha uku, a cire daga dubu. Ta ɗan kalli sama ta faɗa daidai.

Sai na ɗauko takarda na rubuta 500 a sama, 350 a ƙasa, na ja layi, na ba ta biro. Fuskarta ta sauya nan take. Ta daɗe tana juya biron, sannan ta rubuta 250. Na bi sawunta na gane yadda aka yi: a kowane gida ta cire ƙaramar lamba daga babba, ba ruwanta da wadda ke sama. Na ce, "To in na ba ki ɗari biyar, ɗari biyu da hamsin za ki ba ni?" Ta zaro ido. "Wa? Ai Innarmu sai ta yanka ni." Na ce to ga shi kin rubuta. Ta ce, "Wannan ai na makaranta ne."

Wannan kalma ta hana ni barci. A birnin Recife na Burazil, masu bincike uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun bi yara masu talla a titi suna sayen kayansu, suka buga sakamakon a 1985. A bakin ciniki kusan duk lissafin yaran daidai ne, kashi 98 cikin 100. Da aka ba su lambobin nan dai tsurarsu a takarda, abin da suka ci bai wuce kashi 37 ba. Kai ɗaya ne, amma lissafi biyu ne a ciki, kuma ba sa ga maciji da juna. Wanda ke kan faranti yana da ma'ana, kuskure a cikinsa duka ne a gida. Wanda ke kan takarda dokoki ne da aka haddace ba a san dalilinsu ba. In da jadawalin matakai kaɗai zan bi, a wane mataki zan ajiye yarinyar nan, na farantin ko na takardar?

Juma'a

Hajiya ta ce yau Ummi za ta tuƙa tuwo. Na zauna a bakin murhu ina kallo. Talgen Hajiya ce ta yi da kanta. Da aka zo tuƙi ta sa ƙafa ta danne tukunyar, ta ɗora hannunta bisa na Ummi a kan muciya, suka juya tare. Can ta saki muciyar ta koma barbaɗa gari kawai. "Bi gefe. Danna, kar ki shafa. Ga gudaji can." Daga baya bakin ma ta yi shiru, sai dai in Ummi ta ɗago ta gyaɗa mata kai.

Abin da Bigotski ya fi shahara da shi ke nan: tazarar da ke tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. A cikin wannan tazara koyo yake. Jerome Bruner da abokan aikinsa a 1976 suka kamanta taimakon da katakan da magina ke kafawa su taka, gini na tashi ana cire su. Hajiya ba ta ba ta abin da ta riga ta iya ba, ba ta kuma sakar mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Na tuna makarantar allo, inda na gaba da kai yake biya maka har bakinka ya kama, sannan ya matsa. Tuwon ya yi 'yan gudaji. Yaya ya cinye nasa ya ce a ƙaro.

Asabar

Na karanta cewa Patricia Greenfield, da ta yi gwajin ruwa da yaran Wolof a Sanagal a shekarun 1960, ta ji waɗanda ba su shiga boko ba suna cewa ruwan ya ƙaru ne saboda ita ta zuba. Da ta bar su suka zuba da hannunsu, da yawa suka ce yana nan yadda yake. Na kira Abba na ba shi kofin da kwalbar. Ya juye a hankali, harshe a waje. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗaya ne," in ji shi. Ya sake leƙawa. "Amma ni na kwalba zan sha."

Ban san a wane shafi zan rubuta wannan ba. Bakinsa ya haye, idonsa yana tsallaken baya. Ban jefar da Piyaje ba, domin duk dabarata Abba bai zama Ummi ba. Amma na daina yarda cewa tambaya ɗaya daga bakin babba ta isa ta nuna iyakar hankalin yaro.

Litinin

An koma makaranta. Na ba 'yan ajina 32 a cire 17. Wani yaro a bencin baya ya rubuta 25. Jan birona har ya sauka a kan takardar, sai na ɗage shi.

"Zo nan. Yaya aka yi ka samu wannan?"

Ya yi tsuru-tsuru, ya ɓoye hannuwansa a baya. Na ce ba dukansa zan yi ba. Da ƙyar murya ta fito: "Malama, ke kika ce ba a cire babba daga ƙarami. Shi ne na cire biyu daga bakwai."

Ni na faɗa, a zangon da ya wuce, kuma har na sa suka maimaita da ƙarfi sau uku. Na aika aka kawo gwangwanin marafan kwalba, na ƙirga masa 32, na ce ya sayar mini da 17. Ya ture su ɗaya-ɗaya yana ƙunƙuni, ban hana shi ba. Ya ɗago ya ce saura goma sha biyar, sannan ya kalli 25 ɗin da ke littafinsa ya yi shiru.

Aka kaɗa ƙararrawa ina kan littafi na biyu. Saura sittin da ɗaya a kan tebur.