Arlit da Akokan: daga sirdin raƙumi zuwa sirdin babur

Wanda ya tashi daga Agadas ya nufi arewa, tafiyar wajen kilomita 240 ke kai shi Arlit. Duwatsun Abzin suna hannun dama. Hannun hagu fili ne fetal, ba itace, ba inuwa. A kan hanya akwai mararrabar Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke haƙo gawayin ƙasa. Tun 1981 da gawayin nan ake samar da wutar lantarki ga garuruwan ma'adinai.

Arlit ba tsohon gari ba ne. Dā makiyayan Abzinawa ne kawai ke ratsa wurin da raƙumansu. Sai aka gano uraniyom a ƙarƙashin ƙasa. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina gari, a 1971 aka fara fitar da ma'adini. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, wanda ya soma aiki a 1978. Shi rami ya haƙa can cikin ƙasa, ma'aikatansa kuma suka zauna a Akokan, kusa da Arlit. Domin uraniyom ɗin nan aka shimfiɗa hanya mai kwalta daga Tawa zuwa Agadas har Arlit.

Mutane suka yi ta zuwa neman abinci: daga Adar, daga Damagaram, daga Maraɗi, daga Doso. A kasuwar Arlit ana jin Hausa, ana jin Tamajak, ana jin Zabarmanci. Amma ma'adini ba kamar gero ba ne, ba a shuka shi ya sake tsirowa. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, don abin da ke ramin ya ƙare. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da leburorin ƴan kwangila. A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa.

Yau babur ya yi yawa a yankin. Da shi ƴan kabu-kabu ke kai mutane tsakanin Arlit da Akokan. Da shi makiyayi ke zuwa rijiya ko neman raƙumin da ya ɓata. Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, zirga-zirga ta ƙaru a arewa. Babur kuwa yana son abin da raƙumi ke so: sirdi mai ƙwari da jakar kaya. Ledar da ke zuwa a kan sirdinsa ba ta jure ranar Arlit, ba ta daɗewa sai ta tsattsage. A nan saurayin da ba shi da aiki zai iya samun sana'a.

Malaman sana'ar ba su da nisa. Wajen Abzinawa, matan maƙera ne ke aikin fata, su ke yin jakunkunan raƙumi masu geza. Mazansu ke sassaƙa sirdin nan na Agadas mai kai uku. Wajen Hausawa kuwa, dukawa ke ɗinki, majema ke jima da bagaruwa. Mai son koyo ya zauna gaban ɗayansu, ya zuba ido kafin ya sa hannu.

Kayan farawa ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, almakashi, basilla, zare mai ƙarfi da katakon yanka. Kada sabon shiga ya fara da rigar sirdi. Ya fara da maratayin makulli. In hannunsa ya faɗa, ya yi ƙaramar jakar da ake zuba kayan gyaran babur. Rigar sirdi ita ce ta ƙarshe, don tana cin fata da yawa.

Kafin a yanka fata, a auna da takardar buhun siminti. A ɗora takardar a kan sirdi, a zana, a yanke, a bar faɗin yatsa ɗaya domin ɗinki. Takarda in ta ɓaci ba a yi asara ba. Ƙirgin saniya shi ya dace da jaka da maɗauri, don yana da kauri. Fatar akuya ta fi laushi, ita ta dace da ado. Jan launi daga karan dafi ake samun sa. Bayan ɗinki a shafa mai kaɗan, don iskar hunturu tana busar da fata har ta tsage.

Akwai abu biyu da suka shafi rai. Na ɗaya: kada geza ko maɗauri su yi tsawon da za su shiga ƙafar babur ko sarƙarsa, kada kuma jaka ta taɓa bututun hayaƙi. Na biyu: kada a ƙera basilla ko zobe da tsohon ƙarfen da ya fito daga ma'adini. A 2003 masana na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun auna irin ƙarafan nan a kasuwar Arlit, suka same su da gubar uraniyom. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta sake samun haka. Gubar nan ba a ganin ta, ba a jin warinta.

Makiyayi da manomi su ma suna da rabo a ciki, don fata daga hannunsu take fitowa. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen Turai saboda kyan fatarta. Amma fata mai huda ba ta yin rigar sirdi. Saboda haka a feɗe dabba a hankali, a cire nama da kitse, a shanya fatar a inuwa, ba cikin rana ba. Mai sa wa dabba shaida da wuta ya sa a ƙafa ko a wuya, ya bar gadon baya da haƙarƙari. Fata mai kyau ta fi kuɗi wajen majemi, ta kuma fi daɗewa a kan hanyar Arlit.