Tikitin Zuwa Da Dawowa

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wata tafiya da muka soma shiryawa tun shekarar 2022, wadda har yau ba mu yi ta ba, kuma ba mu fasa ba. Wataƙila wani ya ce, a wannan hali da ake ciki wa ke ta zancen hutu a bakin teku? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Asalin maganar daga aji ta fito. Tun da muka fito daga kwalejin horon malamai muke koyar da labarin ƙasa a Umdurman. Wata rana muna nuna wa yara tsibiran Bahar Rum a jikin taswira, muna gaya musu cewa Sisili ce babba, sai Sardiniya, sai Ƙubrus ta uku, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Ustaz, kai ka taɓa ganin teku?" Ajin ya yi tsit. Muka ce masa a'a. Gaskiyar ke nan, ko Bahar Maliya da ke ƙasarmu ba mu taɓa gani ba, kuma tsibirin da muka taɓa takawa a duniya shi ne Tuti, inda kogunan Nilu biyu suke haɗuwa. Yaron bai ƙara cewa komai ba, amma tambayarsa ta biyo mu har gida.

Da muka gaya wa uwargida, dariya ta yi, ta ce, "Malam, ai gani ya kori ji. In da gaske kake, a nemo gwangwani." Daga ranar muka soma tari. Muka shiga adashin malamai na makarantarmu, ita kuma tana jefa abin da ta samu daga ɗinki. Yara uku suka yafe sabon takalmin Sallah don kansu, ba wanda ya tilasta musu.

Ƙubrus muka zaɓa domin ita ce kusa. Daga Alƙahira zuwa Larnaka bai kai awa biyu a jirgin sama ba. Kamar mu, ita ma Ingila ta mulke ta, ta sami 'yancin kai a 1960, shekara huɗu bayan Sudan. Muka karanta cewa tun 1974 tsibirin yake a rabe, Girkawa a kudu, Turkawa a arewa, iyakar kuma ta ratsa tsakiyar Nikosiya, babban birninsu. Muka gane cewa tun 2008 yuro ake kashewa a kudu, cewa motocinsu hagu suke bi, cewa Yuli da Agusta watannin zafi ne da tsada, kuma duwatsun Turodos sukan yi ƙanƙara a lokacin sanyi. 'Yar autarmu ta rubuta duk wannan a littafin rubutu, ta yi masa bango da takardar siminti.

Wadda ta ƙi yarda ita ce Inna, mahaifiyarmu. Ta saurare mu har muka gama, sa'an nan ta ce, "Me za ku je nema? Aiki?" Muka ce a'a. "Karatu ko magani?" Muka ce ko ɗaya, Inna, hutu ne kurum, mu ga ruwa mu dawo. Ta ce, "Ikon Allah! Mutum ya bar ɗakinsa, ya biya kuɗi ya kwana a ɗakin wani, wai don ya huta?"

Ba mu ga laifinta ba, domin mu Hausawan Sudan 'ya'yan hanya ne, amma ba mu gaji tafiyar nishaɗi ba. Wasunmu jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasunmu kuwa jikokin maniyyata ne da suka taso a ƙafa. Kakanmu na cikinsu. Daga ƙasar Kano ya fito, ya bi ta Maiduguri, da Abeshe, da Jinaina, da Fashir, da Ubayyid, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Sai da ya shekara tara kafin ya isa Suwakin ya ƙetare zuwa Jidda. Da ya dawo daga Hajji ya tarar da iyali sun yi yawa, ya ce baɗi za a koma gida. Wannan baɗin ce ba ta zo ba har aka binne shi a nan. Saboda haka a wurin Inna, tafiya iri uku ce: ta ibada, ta neman abinci, da ta gudun bala'i, kuma ta sha ganin wanda ya tafi bai dawo ba.

Abin da ya sauko da ita shi ne labarin Ummu Haram bintu Milhan, innar Anas ɗan Malik, matar Ubada ɗan Samit. Tana cikin rundunar Musulmi ta farko da ta hau teku zuwa Ƙubrus a zamanin Halifa Usmanu, wajen shekara ta 28 bayan Hijira, kuma a can ta faɗo daga kan abin hawanta ta rasu. Akwai masallaci da Turkawa suka gina a inda ake cewa kabarinta yake, a bakin tafkin gishiri na Larnaka, dab da filin jirgin sama, suna kiransa Hala Sultan. Da Inna ta ji haka sai ta gyara zama ta ce, "To, ku ce ziyara za ku je mana! Ku yi mini addu'a in kun isa." Muka amsa da to. Amma tsakaninmu da Allah, teku muke son gani, ziyarar ƙari ce.

Sai batun takardu. A nan ne muka koyi darasin da ya sa muke wannan rubutu. Mai neman bizar hutu ana tambayarsa fasfo, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da takardar banki, da inshorar lafiya, da wasiƙa daga wurin aiki. Muka jera su a kan tabarma muna dubawa, sai muka lura kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi: kana da gidan da za ka koma? Wannan kuwa ita ce tambayar da aka daɗe ana yi mana a cikin ƙasarmu. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897, alhali galibin kakanninmu bayan haka suka iso. Sai dokar 1994 ce ta mayar da ranar 1 ga Janairu 1956. Mahaifinmu a nan aka haife shi, amma ya yi furfura kafin ya riƙe takardarsa, kuma har ya rasu a cikin leda yake naɗe ta, a ƙarƙashin Alƙur'aninsa. Ranar da muka karɓo fasfo biyar a watan Maris na 2023, uwargida ta jera su a kan faranti ta kai wa Inna. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce uffan ba.

Mun yi niyyar miƙa takardun biza bayan Ƙaramar Sallah. Amma kana naka, Allah yana nasa. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum. Aka rufe filin jirgin sama, aka rufe makarantu, albashi ya tsaya. Jinkirin nan da muka yi sai ya zama mana rahama, domin wani abokin aikinmu da ya riga mu miƙa nasa fasfon a wani ofishin jakadanci, ma'aikatan suka tafi suka kulle ƙofa, ya rasa takardar fita a ranar da ya fi bukatarta.

Daga ranar 25 ga Afrilu jiragen sojan Ingila suka soma sauka a filin Wadi Sayyidna, arewa da Umdurman, suna kwashe mutanensu. Fiye da mutum 2,000 aka fitar. Gidanmu a unguwar Sawra yake, muna jin rugugin tashinsu. A rediyo muka ji inda ake kai su: Larnaka. Wato filin nan da ke gefen tafkin gishiri da masallacin da muka yi wa Inna alkawari. 'Yar auta ta ɗaga kai sama ta ce, "Baba, tsibirinmu za su je?" Muka ce e. Ta ce, "Yaushe za su dawo?" Ba mu da amsa. Kuma wallahi ba mu yi musu hassada ba, domin cikinsu akwai 'yan Sudan da yawa da suka bar tsofaffinsu a baya, kuma babu wanda aka ba tikitin dawowa.

Kuɗin gwangwani kuwa ba su kai ƙarshen damina ba. Da su muka fito da ƙanwarmu da 'ya'yanta daga unguwar Mayo a kudancin Hartum, da su muka kai Inna Gadarif wurin dangi, saura suka tafi a gero da gawayi da ruwan sha. Ba mu yi da-na-sani ba ko sau ɗaya. Da ma ko mun ɓoye su da sun narke, domin dala da take kusan fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a 2024. Makarantarmu ta zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli, taswirar nan ta Bahar Rum wata baiwar Allah ta toshe taga da ita saboda ƙura.

Bayan da sojoji suka sake karɓar Hartum a watan Maris na 2025, mutane suka soma komowa. Inna ta dawo daga Gadarif ta rame, amma bakinta yana nan. Kwana biyu da isowarta ta tambayi uwargida, "Ina gwangwanin nan?" Aka kawo mata shi babu komai ciki. Ta kwance bakin zanenta ta jefa abin da ke ciki, ta ce, "Na yi tafiyar gudu, na san ɗacinta. Yanzu ina so in ga jikokina sun yi wadda mutum yake sanin ranar dawowarsa tun kafin ya fita." Ba ta ambaci ziyara ba wannan karon.

To, 'yan'uwa, mun sake soma tari, kuma ga abin da muka koya, ko zai amfani wani. Na farko, a yi wa kowane yaro takardar haihuwa da lambar ƙasa da fasfo, ko da babu niyyar tafiya, a kuma ajiye hotunansu a waya da wurin wani ɗan'uwa a wani gari. Na biyu, kada a bar kuɗin tari su kwana a takarda, a mayar da su abin da ba ya narkewa, ko da 'yar tunkiya ce. Na uku, kada mutum ya ji kunyar cewa yana son ya huta. Kakanninmu sun nome wannan ƙasa, sun tsinki audugarta, sun kwanta a maƙabartunta. Jikansu yana da ikon ya kulle ƙofarsa a Umdurman, ya ba maƙwabci mabuɗi, ya ce sai bayan kwana bakwai.

In kuɗin Ƙubrus sun gagara, Suwakin tana nan. Ita ma tsibiri ce, kuma daga gaɓarta kakanmu ya fara ganin teku. Ko can ko can, akwai wani yaro da ke binmu bashin amsa, in Allah ya sa yana raye, kuma muna roƙon Allah ya sa yana raye. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maido da waɗanda suka warwatsu gidajensu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.