Sallah Biyu a Nyala

Ban taɓa juya agogona ba duk zaman da na yi a Darfur. Da muka sauka a Nyala cikin daminar 2007, kowa ya ƙara awa biyu a nasa, don a wancan lokacin haka tazarar agogon Sudan da na Najeriya take. Ni na bar nawa a kan lokacin Zariya. Samanjanmu ya yi ta faɗa, wai wata rana sai na makara a fareti ya koya mini lissafi. Ban makara ba. Lissafin ma ya zame mini abin ɗebe kewa. Ina tsaye a gadi bayan buhunan yashi, sai in duba hannu in ce yanzu uwargida ta ɗora ruwan koko, yanzu yara sun fita da allo.

Mun je ne a ƙarƙashin rundunar Tarayyar Afirka, AMIS, wadda ba ta wuce mutum dubu bakwai ba, a ƙasar da ake kwatanta faɗinta da na Faransa. Janar Martin Luther Agwai ne kwamanda, yana zaune a El Fasher. Mu ƙananan sojoji ba ruwanmu da teburin sulhu. Namu shi ne gadi, sintiri, wankin kaki, da jiran a kunna janareta mu yi cajin waya. In guguwar ƙurar nan da suke kira habub ta taso, sai ka ga jan bango yana tahowa daga nesa, kafin ka ɗaure bakin tanti yashi ya shiga shinkafa, ya shiga kunne, ya shiga bindiga. Washegari kowa da tsumma da mai.

Aikin da ya fi zauna mini a rai shi ne rakiyar mata itace. Daga sansanin 'yan gudun hijira na Kalma, gabas da Nyala, mata kan fita daji neman makamashi, don in namiji ya fita kashe shi ake yi, in mace ce kuma abin da ake yi mata baki ba ya son faɗa. Sai su zaɓi su fita su. Mukan bi su a mota a hankali, su da jakunansu a gaba, mu muna duban bayan itatuwa. Akwai wata tsohuwa da take ɗaure dami irin ɗaurin da mahaifiyata take yi, igiya biyu, ƙulli a gefe. Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba, amma duk ranar da ban hango ta a layi ba sai in kasa cin abincin rana.

Azumi ya kama a tsakiyar Satumba. A nan na gane agogo ma yana ƙarya. Tazarar awa biyu ce a rubuce, amma rana ba ta san da wannan ba: tsakanin faɗuwarta a Nyala da faɗuwarta a gida awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Sai in sha ruwa, in yi magariba, in ci abinci, sannan in nemi inda layin waya yake kamawa, kusa da tankin ruwa, in kira gida daidai lokacin da ladanin unguwarmu yake buɗe lasifika. Sau da yawa ba maganar uwargida nake saurare ba, kiran sallar da ke bayanta nake ji, da ƙarar ludayi a kwanon kunu. Ta gane, sai ta riƙa yin shiru tana ɗaga wayar sama. Katin waya yana ƙonewa, ba wanda ya ce uffan.

Abokan aikinmu Kiristoci su suka riƙe mana gadin magariba wata guda cur, ba tare da wani hafsa ya ba da umarni ba. Wani kofur ɗan Filato, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana, yakan zo tun da sauran rana ya ce, “Malam, sauka ka je, kada ka faɗo mana a kan waya mai ƙaya.”

Ranar 29 ga Satumba, da shan ruwa, 'yan tawaye suka afka wa sansaninmu na Haskanita. Mutum goma suka mutu a harin, bakwai 'yan Najeriya. Labarin ya iso gida ta rediyo kafin mu iya kiran kowa, kuma a kunnen mahaifiya Darfur gari ɗaya ne. Da na samu layi washegari, Inna ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, “Faɗi sunan kakanka.” Sai da na faɗa ta yarda ni ne. Daga ranar shan ruwa ya koma da hular kwano a ka, dabino a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan.

Ƙaramar Sallah ta zo a haka, babu armashi. Mun yi Idi a filin fareti, rabinmu a sahu, rabi a gadi, limaminmu da kaki. Ba ɗinki, ba hawa, ba yaran da za su zo barka da Sallah. Kuku ya yi iya ƙoƙarinsa da shinkafa da kaji masu ƙanƙara. Na shiga tanti na kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ranar Sallah ba.

Bayan 'yan makonni muka shiga kasuwar Nyala sayayya, sai ƙamshin ƙuli-ƙuli a kan wuta ya tsayar da ni. Wani dattijo ne yake juya tsire. Agashe suke kiransa a Sudan, kuma ba sai an gaya wa Bahaushe inda kalmar ta fito ba. Na ce wa abokina da Hausa, “Wannan dai kamar na bakin tasha.” Dattijon bai ɗago ba ya ce, “Ya fi na tasha, samari.”

Kakansa ne ya baro ƙasar Katsina a ƙasa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ya tsaya noma, ya yi aure. Irinsu suna da yawa a Sudan, tun daga masu bin hanyar Makka har waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Shi dattijon bai taɓa ganin Katsina ba. Hausarsa tsohuwa ce, irin ta kakanni, da Larabci a cikinta kamar tsakuwa a shinkafa. Ya tambaye ni ko har yanzu ana rufe ƙofofin gari da dare. Na ce, “Baba, ai garin ya tsallake ganuwa tuntuni.” Ya yi shiru, kamar na ba shi labarin rasuwa.

Da Babbar Sallah, wadda ta faɗo kwana kaɗan kafin Kirsimeti, muka haɗa kuɗi muka sayi raguna, dattijon nan ne ya yi mana ciniki don kada a yanke mu da tsada. Ranar Sallah kuma sai ga jikansa a bakin ƙofa da tire a ka, an rufe da faifai. Masu gadi suka bincika, suka kira ni. Asida ce, wato tuwon dawa mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa. Mu bakwai muka zagaye tiren, har da kofur ɗan Filato, ba cokali. Ban san dawa tana iya sa ƙato da gashin baki ya juya fuska ya share ido ba sai ranar. Da Kirsimeti ta zo muka rama wa abokanmu Kiristoci gadi, suka raba mana abin da ya rage na ragon, suna waƙoƙin coci da Hausa har dare ya raba.

Ranar 31 ga Disamba aka cire mana koriyar hula aka ɗora shuɗiya, aka ce yanzu sunanmu UNAMID. Tantin bai canza ba, kukun ma shi ne.

Da muka dawo gida, jirgi na sauka kowa ya shiga juya agogo, ni ina kallonsu. Na isa Zariya da dare. Bayan an watse, uwargida ta jawo wata samira daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Soyayyen naman layya ne, kasona, ta tsoma shi cikin kitse ta hana yara taɓawa. Ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi, har ya fara ɗan wari. Na zauna a bakin gado ina tauna, tana tsaye da fitila tana tambayata ko a ɗumama.