Ga ƙannena masu neman gurbin MBA a waje: mu yi maganar maƙalar nan

Rubutun yana da ɗan tsawo, amma duk mai shirin neman gurbin MBA a manyan makarantun kasuwanci na Amurka ko Turai, ko mai ƙani ko ɗa da ke wannan shiri, ya daure ya karanta. Yawancin makarantun nan suna rufe zagayen farko na karɓar takardu a watan Satumba, na biyu kuma a farkon Janairu. Na karanta maƙalolin neman gurbi na yaranmu da dama, kuma abin da ke ci min rai shi ne yaro yana da abin faɗa na gaske, amma ya bar shi a gida ya kawo wa mutane abin da yake zaton suna son ji.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san dalilin da ya sa suke neman maƙalar tukuna. Ɗauki makarantar kasuwanci ta Harvard, wadda aka kafa a 1908. Duk shekara tana ɗaukar ɗalibai ɗari tara da 'yan kai, ta rarraba su aji-aji, kowane aji mutum casa'in ko kusa da haka, kuma tare za su zauna shekarar farko gaba ɗaya. Can ba a cika tsayawa gaban allo ana karantarwa ba. Labarin wani kamfani na gaske ake ba ka ka karanta da dare, labarin ya tsaya daidai inda shugaban kamfanin zai yanke hukunci mai wuya. Da safe malami ya kira sunan wanda ya ga dama ba tare da sanarwa ba, ya ce kai ne a kujerar, me za ka yi? Kusan rabin makin ɗalibi daga abin da yake faɗa a aji yake fitowa. To ka ga mai tantance takardu aji yake haɗawa. Tambayar da ke ransa ita ce: idan wannan ya ɗaga hannu, me zai faɗa wanda sauran tamanin da taran ba su sani ba? Sakamakon GMAT ko GRE ba zai amsa masa wannan ba, domin akasarin waɗanda suka kai gabansa sun ci da kyau. A Stanford, cikin masu nema goma ko ɗaya ba ya cika samu. Abin da ya rage ya bambanta ka da wani shi ne abin da ka rubuta da abin da aka rubuta a kanka.

Stanford ta shafe shekaru tana yin tambaya ɗaya: mene ne ya fi komai muhimmanci a wurinka, kuma me ya sa? Kalmomi wajen 650 take ba da shawarar a yi amfani da su. INSEAD, wadda aka kafa a Faransa a 1957, ta daɗe tana cewa ka bayyana kanka tsakani da Allah, ƙarfinka da rauninka da abubuwan da suka gina ka. Harvard kuwa ta yi shekaru da buɗaɗɗiyar tambaya guda, sai a 2024 ta mayar da ita gajerun maƙaloli uku. Tambayoyin suna sauyawa, don haka kar ka dogara da na bara, ka shiga shafin makarantar ka gani da idonka. Amma duk inda suka juya, abu ɗaya suke haƙa: wane ne kai a lokacin da abu ya cakuɗe?

A nan tarbiyyarmu take shigowa, kuma ina faɗar wannan da girmamawa gare ta. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaron kirki ba ya zama gaban manya ya ce ni na yi kaza. Idan aka yaba masa sai ya sunkuyar da kai ya ce ikon Allah ne, aikin jama'a ne. Wannan hali ne mai kyau, ba kuma ina cewa a yar da shi ba. Amma a kan takarda yakan haifar da ɗayan abu biyu. Wani ya ɓuya a bayan jama'a, tun daga farko har ƙarshe "muka yi", "aka samu nasara", har mai karatu ya gama bai san ko shi ne ya ja ragamar aikin ba ko kuwa yana cikin ɗakin ne kawai lokacin da aka yi. Wani kuma, da ya ji an ce Turawa suna son mai tallata kansa, sai ya tsallaka ɗaya gefen ya cika shafi da kirari: ni jagora ne mai hangen nesa, mai kishin kawo sauyi, mai ƙwazo marar gajiya. Dukansu biyun ba su nuna komai ba. Mai sayen hatsi ba ya tsayawa sauraron yabon da mai kaya ke yi wa kayansa, hannu yake zurawa cikin buhu ya damƙo ya duba. Ba da labarin abin da ka yi, yadda ya faru, da inda ka yi daidai da inda ka gaza, wannan ba yabon kai ba ne. Shaida ce kake bayarwa, hukunci kuma na mai karatu ne.

Bari in nuna muku da misali. Ƙanwar wani abokina tana aiki da wani kamfani mai sayen riɗi da zoɓo a kasuwannin ƙauyukan Jigawa, a tara a Dawanau, a tura Legas a fitar waje. Daftarinta na farko ya buɗe da cewa tana da burin sauya fasalin noma a nahiyar Afirka. Na karanta shafi biyu ban ga buhu ko ɗaya ba, ban ga manomi ko ɗaya ba. Sai na ce mata, ajiye wannan, faɗa min ranar da aikin nan ya hana ki barci. Ta yi shiru, sannan ta ce Fabrairun 2023, lokacin da sauyin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace. Manoma sun ce su ba su san tiransifa ba, kuɗi hannu ko su koma da kayansu. Motoci suna tsaye ana biyan kuɗin jira, ranar tashin jirgin ruwa tana matsowa. Manajanta ya ce ta karɓi kayan bashi, a biya idan kuɗi sun samu. Ita kuma ta san an taɓa cin amanar mutanen nan da irin wannan alkawari, kuma ba ta da tabbacin ranar da kuɗin za su fito. Ta ƙi. Ta je wurin sarkin kasuwa, suka zauna da wasu masu shagunan kayan masarufi da ke da asusun banki. Aka shirya kamfani ya tura wa mai shago kuɗi, manomi ya ɗebi shinkafa da mai da sabulu, ragowar a rubuta masa a littafi gaban shaidu. Wasu manoman sun yarda, wasu sun ƙi. Rabin lodin kawai ta haɗa, jirgin ya tafi ya bar sauran, ta sha faɗa a ofis. Da kaka ta zagayo, manoman nan ita suka fara nema kafin kowane ɗan kasuwa.

Na ce mata, to ai wannan ce maƙalar. Ta ce, "Yaya, wannan ai ba nasara ba ce, kuma ƙaramin abu ne." Ku duba abin da ke ciki. Akwai hukuncin da ita ta yanke da kanta. Akwai abin da ta rasa saboda shi. Akwai mutanen da ba ta da iko a kansu amma ta shawo kansu. Akwai kuma ilimin yadda amana ke tafiyar da kasuwar da banki bai kai ba, wanda ɗan ajinta da ya fito daga wani babban banki a Landan bai taɓa gani ba. Ba sai ta rubuta cewa tana da riƙon amana ba. Wanda ya karanta zai faɗa da bakinsa.

Kowannenku yana da irin wannan. Wanda ya yi aiki a Najeriya a 'yan shekarun nan ya ga rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya ga cire tallafin mai a Mayun 2023, ya ga darajar naira ta zube a watan da ya biyo baya. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram ya san abin da rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya yi wa ciniki. Idan kana riƙe da shago, ko sashe a kamfani, ko asibiti, ko ƙungiyar sa-kai a lokacin, dole ka yanke wani hukunci: wa za a rage, wane farashi za a ƙara, wane alkawari za a cika ko da asara. Can za ka tona. Ka zaɓi lamari ɗaya ko biyu ka shiga cikinsu sosai. Jerin muƙamai da lambobin yabo yana cikin CV, sun riga sun gani, kar ka ɓata kalmominka kana maimaitawa.

Akwai wani abu da nake roƙonku a kai. Kar ku sayar da talauci. Na sha ganin yaron da ya tashi cikin rufin asiri, mahaifinsa ma'aikaci, amma ya buɗe maƙala da tafiya makaranta ba takalmi, don an ce masa labarin da ake so daga Afirka ke nan. Wannan ƙarya ce, kuma cin mutuncin iyayen da suka yi ɗawainiya da kai ne. Wanda kuma da gaske ya sha wuya, ya faɗa ba tare da kunya ba, amma ya sani wahalar kaɗai ba ta isa ba. Abin da suke so su gani shi ne me ka yi a cikinta, kuma wane hali ta bar maka wanda har yau yake bayyana a aikinka. Haka nan idan abin da ya fi komai muhimmanci a wurinka ya samo asali daga addininka ko daga mahaifiyarka, kar ka ɓoye don tsoron ba za su gane ba. Ka dai nuna shi cikin aiki, ranar da riƙo da shi ya sa ka yi asarar wani abu.

Sai maƙalar buri, wadda kusan kowace makaranta take tambaya ta wata fuska. "Ina so in dawo in ciyar da ƙasata gaba" niyya ce mai kyau, amma dubban mutane daga Indiya da Brazil da Kenya sun rubuta irinta a wannan zagayen. Faɗi aikin da kake so ka kama da zarar ka gama, a wane fanni, a wane irin kamfani, sannan inda kake fatan kaiwa bayan shekara goma, da abin da ka rasa yanzu wanda ya sa sai ka yi wannan karatun. Idan ka zo kan dalilin zaɓen makarantar, gwajin mai sauƙi ne: cire sunanta ka sa na wata. Idan maganar ta zauna daram, ba ka rubuta komai ba tukuna. Nemi ɗalibanta na yanzu ko tsofaffi ka yi hira da su, ka san darasin da kake so da dalilinsa.

Yawancin makarantu suna ba da wani ɗan fili na ganin dama don bayanin abin da ka iya ɗaure wa mai karatu kai. Mu wannan fili yana da amfani a gare mu ƙwarai. Mutumin da ke zaune a Boston bai san yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara ba, na 2022 kuma wata takwas, don haka bai san dalilin da digirin shekara huɗu ya kai shida ba. Bai san mece ce shekarar bautar ƙasa ba. Jimla biyu ko uku sun wadatar, ba tare da kuka ko ɗora laifi ba. Idan kuma sakamakonka ya yi rauni a wata shekara, faɗi abin da ya faru a taƙaice ka nuna abin da ya biyo baya. Game da masu rubuta maka takardar shaida kuwa, wanda ya ga aikinka kullum suke so, ko da ƙaramin manaja ne. Takardar sanata ko basarake da bai taɓa aiki da kai ba ba ta ƙara maka komai.

Na san jarabar da ke gaban kowa yanzu: a ba ChatGPT, ko a biya wani ya rubuta. Ka nemi a gyara maka nahawu, wannan daban, kuma ka duba ƙa'idar kowace makaranta a kan haka. Amma idan wani ya yi maka tunanin, Turancin zai fito sumul, kai kuma ba ka ciki. Ka rubuta da Turancin da kake magana da shi a wurin aiki, gajerun jimloli, ba sai ka nemo manyan kalmomi ba. Idan labarin ya ƙi fitowa, ka fara ba da shi da Hausa ga wani naka, ka naɗa a waya, ka saurara. Yawanci a nan ake jin inda ransa yake. Bayan ka rubuta, ba mutum biyu su karanta: wanda ya san ka sosai, ya faɗa maka ko kai ne a ciki, da wanda bai san aikinka ba, ya faɗa maka abin da ya fahimta. Kar ka wuce haka da yawa, domin kowa zai cire abin da bai yi masa ba har a bar ka da fanko.

Kuma ka tuna takardar ba ita ce ƙarshe ba. MIT Sloan tana neman bidiyo na minti ɗaya kana gabatar da kanka, Kellogg ma tana da tambayoyin da ake amsawa ta bidiyo. A Harvard, idan aka kira ka ganawa, minti talatin za ka yi da wanda ya karanta takardunka tun daga farko har ƙarshe, zai iya ɗauko jimla ɗaya ya ce me ya sa ka yi haka, wa ya ƙi yarda, me ka ce masa. Bayan an tashi kuma ana ba ka awa 24 ka rubuto abin da ka ɗauka daga ganawar. Saboda haka kafin ka tura, bi maƙalarka jimla-jimla, duk wadda ba za ka iya yin minti biyar kana bayaninta da baki ba, goge ta.