Jitar Da Ta Yi Daidai Da Hannuna

 Kusan shekara 20 ke nan ina cin abinci da jitar bes, wato mai tsirkiya huɗun nan da ke gurnani a ƙarƙashin kiɗa, wadda ba a cika lura da ita ba sai ta yi shiru. Tun da fiyano ta mamaye situdiyo aikin irinmu ya ragu, amma alhamdu lillahi, da biki da taro da ɗan abin da ba a rasa ba, da ita nake biyan haya da kuɗin makarantar yara.

A damunar 2022 tsautsayi ya gitta, na faɗi a babur na karye a wuyan hannun hagu. Mai ɗori ya yi aikinsa, ƙashi ya haɗu, amma ƙaramin yatsana da na kusa da shi suka ƙi buɗewa kamar da. Ranar da na koma bakin aiki, ban yi minti 20 ba hannun ya riƙe, na tsaya cak a tsakiyar waƙa, ga amarya ga ango ga dangi. Da aka yi haka sau uku, sai na ji an fara kiran wani yaro a madadina. Wallahi daren nan ban runtsa ba.

Da safe na tafi wurin dattijon da ya koya mini kiɗa. Ya kama hannun ya jujjuya, ya ce, "Kai yaro, wannan hannun ba zai ƙara iya doguwar jita ba. Ka nemi gajera." Na ce, "Haba Baba, ai wannan ta yara ce da 'yan koyo. Da girmana?" Ya yi dariya ya ce, "Girman kai rawanin tsiya. Yunwa kake so ko kunya?"

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayani. Tsawon da ake nufi shi ne na tsirkiya, daga inda ta tashi a saman wuya zuwa gadar da ta hau a cikin jitar. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a Amurka a 1951, inci 34 ya zama ma'aunin kowa. Gajera kuwa inci 30 ce, ko kusa da haka. Inci huɗu kamar ba komai ba ne, amma tazarar ƙarafunan da ke gicciye a wuya tana raguwa: daga na farko zuwa na huɗu, wajen santimita 13 ne a doguwa, 11 da rabi a gajera. Sannan in kaurin tsirkiya ɗaya ne, taurinta yana raguwa da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Ga mai lafiyayyen hannu wannan ƙaramin abu ne, ga irina kuwa shi ne sana'ar baki ɗaya.

Na sayar da babur ɗin da ya kayar da ni, na hau mota zuwa Legas, na yi kwana uku ina zagayen shagunan kayan kiɗa a kasuwar Alaba. Guda huɗu na gwada sosai.

Ta farko Höfner ce, mai siffar goge irin na Turawa, samfurin da Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya saya a Hambug ta Jamus a 1961. Cikinta fanko ne, ba nauyi ko kaɗan, muryarta kuma dunƙulalliya ce mai ɗumi. Sai dai sautin ba ya daɗewa yake mutuwa, tsirkiyoyin kuma sun matsu da juna, hannuna na dama ya yi ta tuntuɓe.

Ta biyu Epiphone EB-0, jikar wadda kamfanin Gibson ya fitar a 1959, mai inci 30 da rabi. Kyakkyawa ce ja, mai ƙaho biyu, da murya mai kauri kamar ta bijimi. Amma da na rataya ta, sai kanta ya riƙa rinjaya ƙasa, dole hannun hagu ya tallafe wuyan. Mai lafiya zai iya, ni kuwa hannun da nake lallaɓawa shi zan ɗora wa kaya.

Ta uku Ibanez Mikro, inci 28.6 kacal. Ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi sauƙi ga yatsuna. Zuciyata ta so ta, amma kunnena ya ƙi: babbar tsirkiyar ta yi mini sako-sako, na kuma san in ganguna suka taso a filin biki za su danne ni.

Ta huɗu Mustang ce ta Squier, wato reshen Fender mai rangwame, an ɗan yi amfani da ita. Asalin samfurin na 1966 ne, inci 30 cif, kuma Bill Wyman na Rolling Stones da Tina Weymouth ta Talking Heads duk sun kaɗa shi. Ba ta kai Höfner rashin nauyi ba, ba ta kai Mikro sauƙi ba, amma ta zauna a jikina ba ta karkata ba, kowane sauti yana fita fes. Na tsaya da ita a kafaɗa minti 40 ina kaɗawa, har mai shagon ya fara harara, hannun bai ce uffan ba. Nan take na biya.

Kada in yi muku ƙarya, akwai abin da na rasa. Kaifin nan na doguwar jita, musamman in ana dukan tsirkiya da babban yatsa, bai dawo duka ba. Tsirkiyarta ma sai an nema, domin ta cikin katako take ratsawa ta bayan jitar, saboda haka ma'aunin inci 32 ya fi dacewa da ita. Duk wanda zai saya, shawarata ita ce ya rataya ya gwada a tsaye, ya daɗe yana kaɗawa, ya kuma tambayi inda zai samu tsirkiya kafin ya zaro kuɗi.

Da na dawo gida, maiɗakina ta dube ta ta ce, "Maigida, wannan 'yar ficiciyar ka sayar da babur dominta?" A bikin farko ma abokan aiki sun yi ta tsiya, wai na ari ta ɗana. Na ƙyale su. Muka yi awa uku muna kiɗa ban tsaya ba, da aka tashi sai ga yaron da ya gaje ni yana tambayar nawa na saya.

Doguwar tana nan rataye a ɗaki, ban iya sayar da ita ba. Wani lokaci nakan sauko da ita in goge mata ƙura, in gwada minti biyar, hannun ya tuna mini, in mayar da ita. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya kuma bar mu da sana'armu.