Ki bar dayis inda ya faɗi

Mamana,

Da fatan kina lafiya, ke da Ummanku da ƙannenki, da fatan kuma ƙafar Hajiya ta yi sauƙi. Nan St. Paul hunturu ya kankama, ana sallar la'asar ba a jima ba duhu ya rufa, amma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryar da kika turo. Kin ce a wasan da kike yi wa ƙannenki alƙalanci, jarumin Auta ya mutu a cikin kogo ranar Asabar, mashin dodo ya same shi tun a ɗaki na biyu, yaron ya yi ta kuka har ya ƙi cin tuwon dare. Kina tambaya ko da kin sani kin rufe dayis ɗin da tafin hannunki kin ce mashin ya kuskure. Na ji yadda muryarki take rawa, na san abin ya tsaya miki a rai. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Kin yi daidai da ba ki rufe ba. Ran da ƙannenki suka gane cewa kina gyara lamba idan kin ji tausayi, daga ranar duk nasarar da suka samu za su ɗauka kyautarki ce, duk asarar da suka yi kuma za su ce mugunta kika yi musu. Auta zai manta da kukan nan kafin mako ya zagayo. Yarda da alƙali kuwa in ta zube, kwashe ta sai an sha wuya.

Wasan nan a garin da nake zaune aka fara ƙyanƙyashe shi. Asalinsa wasan yaƙi ne na kan tebur, irin wanda hafsoshin sojan Furoshiya, a Jamus ta yau, suka riƙa koyon dabara da shi tun 1824, da taswira da alƙali mai yanke hukunci tsakanin ɓangare biyu. Wajen 1971 wani matashi ɗan St. Paul mai suna Dave Arneson ya sauya tsarin: maimakon kowa ya ja runduna, kowa ya riƙe mutum guda, su sauka ƙarƙashin wani tsohon gidan sarauta da ya kira Blackmoor, su ga abin da ke ciki. Ya kai wasan wurin Gary Gygax a wani ƙaramin gari, Lake Geneva, a jihar Wiskonsin. Gygax ya zauna ya rubuta dokoki, kuma cikin waɗanda ya fara gwadawa da su har da ɗansa da 'yarsa, yara sa'o'inku. A 1974 suka fitar da Dungeons & Dragons: ƙananan littattafai uku a cikin kwali, kwafi 1,000, kowanne dala 10. Jan littafin da na bar miki mai shafi 64 jikan wancan ne, Tom Moldvay ya tsara shi a 1981 don masu koyo.

Na kawo miki wannan tarihin ne don ki san irin mutanen da suka rubuta dokokin da ke hannunki. 'Yan wasan yaƙi ne, sun saba a kashe musu soja su ci gaba da wasa, kuma wurinsu alƙali ba ya da ɓangare. Shi ya sa sabon jarumi a littafin Moldvay yake da rauni haka. Mayaƙi yana farawa da abin da dayis mai fuska takwas ya ba shi na ƙarfin rai, mashi kuma yana iya cire shida a suka ɗaya. Duk wanda ya shiga kogo yana neman faɗa, ba zai daɗe ba. Da gangan aka yi hakan, kuma in kika duba lissafin maki za ki ga abin da ake so yara su fahimta. Mayaƙi yana bukatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu. Kashe ƙaramin dodo irin wanda ya soki jarumin Auta maki 5 ne kacal, wato sai ya kashe 400. Amma kowace ƙwandalar zinariya da ya fito da ita daga kogo maki ɗaya ce. Ke nan wanda ya lallaɓa ya ɗauko akwatin dukiya ba tare da ya zare takobi ba ya fi wanda ya tsaya sara da suka riba nesa ba kusa ba. Ban sani ba ko kin taɓa bayyana wa Auta wannan. In ba ki yi ba, ki yi kafin zama na gaba, don a ganinsa jarumta ita ce ya auka wa duk abin da ya motsa.

To amma aikin alƙali yana farawa tun kafin a jefa dayis, kuma nan nake so ki fi mai da hankali. Haɗari ba ya faɗo wa 'yan wasa daga sama. Kafin su kai ɗakin dodanni, ki sa su ji warin hayaƙi, su ga ƙasusuwa a bakin ƙofa, su jiyo ana gardama da wani harshe a bayan bango. Kafin su taka tarko, ki ce ƙurar da ke tsakiyar hanya ba sawu ko ɗaya a kanta, alhali gefen bango ya sha taku. Wanda ya ji wannan ya ce shi dai gaba zai yi, ya zaɓa da idonsa buɗe, kuma ko yaro ne zai san haka a ransa. Ki tambayi kanki tsakani da Allah ko kin ba Auta irin wannan alamar ranar Asabar. In kin ba shi, hankalinki ya kwanta. In ba ki ba shi ba, gyaran yana wurin alamar, dayis ba ruwansa.

Sannan idan ɗayansu ya ce, “Ina neman tarko,” kada ki yi saurin miƙa masa dayis. Ki ce, “Ta yaya? Da me kake taɓawa? Ina ka sa ƙafarka?” In ya ce zai zuba ruwa a ƙasa ya ga inda zai tsiyaye, kuma akwai ƙofar rami a wurin, to ya gano ta, ba sai an jefa komai ba. Wannan ne dalilin da jerin kayan sayarwa a littafin yake ɗauke da gora mai tsawon ƙafa 10, da igiya mai ƙafa 50, da ƙusoshin ƙarfe, da ƙaramin madubi. Ba ɗayansu da yake makami, amma su ne ke fitar da mutum da rai. Ni a duk wasan nan ba abin da nake so kamar lokacin da yaro ya yi shiru, ya ƙura wa taswirar da ya zana ido, sannan ya zo da wata dabara da ba ta taɓa zuwa wa alƙali a rai ba. In haka ta faru, ki bar dabarar ta ci, ko da ta rushe duk abin da kika kwana kina shiryawa.

Akwai dokoki biyu da sababbin alƙalai suke tsallakewa, kuma su ne rahamar da ke cikin wasan. Ta farko: idan aka yi kiciɓis da dodanni, ki jefa dayis biyu masu fuska shida don ki ga halin da suke ciki. Sai lamba 2 ta fito ne suke kai hari nan take. Daga 6 zuwa 8 suna cikin shakka, ana iya magana da su, a ba su abinci, a yi ciniki. In 12 ce, da murna za su tarbi baƙi. Ta biyu: idan aka kashe na farko a cikinsu, ko rabinsu suka faɗi, ki sake jefawa ki ga ko za su tsaya ko za su arce. Dodo ma yana son ransa. Haka kuma ki riƙa lissafin lokaci: sandar wuta awa ɗaya take ci, wato zagaye shida na minti goma-goma, kuma duk bayan zagaye biyu ki jefa dayis guda, in ɗaya ta fito wani abu mai yawo ya iske su. Da wannan za su koyi cewa tsayawa gardama a cikin kogo ma tana da farashi.

Ki sani ba kowa ne ya yarda da ni ba. Bugun wasan na yanzu ya sa jarumai sun fi ƙarfi, mutuwarsu ta yi wuya, kuma miliyoyin mutane suna jin daɗinsa haka, ban ga laifinsu ba. Amma wasu sun yi kewar tsohon salo. Bayan kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997, ya ba da lasisin amfani da dokokin a 2000, masu sha'awa suka sake rubuta tsofaffin da sababbin sunaye: OSRIC a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. Mutanen da nake zama da su a nan daren Juma'a irinsu ne, wasu da furfura, littattafansu duk sun sha salatif. Ina tare da su ne saboda a tsohon salo hankalin yaron da ke zaune shi ake gwadawa, lambobin da ke kan takardarsa ba su cika cetonsa ba.

Game da Auta, ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban 'ya'yan Gwaggo ba. Ki ce masa jaruminsa ya mutu yana tare hanya don sauran su tsira, in dai haka abin ya faru. Kada ki ƙara gishiri. Ki ba shi dayis uku ya jefa sau shida, cikin minti biyar ya sami sabon jarumi. Littafin ya yarda a bar wa magaji gado, to sabon ya zama ƙanin mamacin, ya zo neman takobin yayansa da ke hannun dodannin nan har yanzu. Za ki ga yadda zai shiga kogon a wannan karon, yana taɓa kowane dutse da gora.

Saura magana ɗaya da Ummanku ta yi mini, kuma tana da gaskiya. Malamai suna da magana a kan wasa da dayis, akwai waɗanda suka hana ko da ba a sa kuɗi ba. Ki tambayi malaminku na Islamiyya, ki faɗa masa yadda wasan yake dalla-dalla, cewa ba caca a ciki, kuma dodanni da masu siddabarun labarin ƙage ne irin na tatsuniya. In ya ce a ajiye dayis, ki ajiye ba musu. Ki yanka ƙananan takardu, ki rubuta lambobi, ki zuba a kofi a riƙa zara. Kamfanin TSR da kansa ya yi haka wajen 1979, lokacin da dayis ya yi masa ƙaranci: kwali mai lambobi ya riƙa sawa a akwatin, masu saye su yanka. Wasan bai ragu da komai ba. In kuma an kira salla, a rufe littafi ko da ana tsakiyar faɗa, kuma ba a buɗe shi sai an gama aikin makaranta.

Na ba wani abokin aikina da zai zo gida ƙarshen wata saƙo: takarda mai gida-gida ta zanen taswira, da fensira, da safar sanyi ta Hajiya. Taswirar a ba 'yar Gwaggo ƙarama ta riƙa zanawa, na lura hannunta ya fi na kowa natsuwa. Ki rubuto mini yadda zaman Asabar ya kaya, da sunan da Auta ya raɗa wa sabon jaruminsa. Ki gaishe da Ummanku da kyau, ki durƙusa ki gaishe mini da Hajiya.

Allah ya yi miki albarka.

Abbanki