Ɗakin Goron Hajiya

A gidanmu na Darmanawa akwai wani ɗaki da ba wanda yake son kwana a cikinsa. Ɗakin ƙasa ne, shi kaɗai ya tsira lokacin da aka rushe sauran gidan aka yi na bulo. Tagarsa ɗaya ce 'yar ƙarama, a kusurwarsa kuma akwai randa a kan jiƙaƙƙen yashi. Nan kakarmu Hajiya take ajiye goronta tun kafin a haife mu. Mu jikokinta mun tashi muna ganinta tana shiga da safe, ta ɗaga algarara, ta cusa hannu cikin kwando, ta ɗan yi jim, ta fito. Ba mu taɓa tambayarta abin da take dubawa ba. Mun ɗauka sabo ne irin na tsofaffi.

Sai aka sa ranar auren ƙanwarmu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40. Hajiya tana Gyadi-Gyadi, gidan gwaggonmu, tana jinyar ido bayan an cire mata yana. Aka ɗora mana sayen goron ɗaurin aure. Don kada kuɗinsa ya tashi, muka je kasuwar Mariri da ke titin Maiduguri saura sati uku, muka sayo ƙwarya biyar, wato goro ɗari biyar, fari da ja. Mai goron ya naɗe mana shi cikin ganyen fita, ya ce mu kula da shi. Muka ce to.

Da muka dawo gida sai muka yi shawara irin ta 'yan boko. Abin da zafi yake ɓatawa ai sanyi ne maganinsa. Muka zubar da ganyen, muka ƙulle rabin goron a leda muka tura firji. Sauran da bai samu wuri ba muka zuba a bokiti, muka ajiye a ɗakin samari, ƙarƙashin rufin kwano. Ɗakin Hajiya ko kallonsa ba mu yi ba.

Wutar lantarki kuwa kun san halinta: ta zo cikin dare, ta tafi kafin hantsi. Goron firji ya yi sanyi, ya huce, ya sake yin sanyi, yana gumi a cikin leda ba hanyar shan iska. Na bokiti kuma rana tana gasa shi ta saman kwano.

Saura kwana biyar aka dawo da Hajiya, idonta ɗaya a rufe. Kafin ta zauna ta ce, "Ina goron yarinyar nan?" Muka kawo muna taƙama. Ba ta ma duba ba, hannu kawai ta sa. Na leda ya yi santsi, wasu sun fara baƙi da fumfuna. Na bokiti ya yamushe kamar fatar gwiwar hannu. Ta fasa ɗaya, sai ga sankara ta ci cikinsa, ta bar gari.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta dubi babbanmu, wanda take kira mai gidanta, ta ce, "Mai gida, da wannan za ka tari dangin ango? Goro fa ba nama ba ne. Rai gare shi."

Ranar muka zauna a tabarma har la'asar muna tsinta. Ta nuna mana yadda ake ware mai tabo da mai huji, domin ɗaya yana iya lalata kwando guda. Cikin ɗari biyar, abin da ya tsira bai kai ɗari biyu ba. Washegari muka koma Mariri da kuɗin da aka ware na lemo, muka ƙaro goro, muka sayo sabon ganyen fita. Ta sa muka shimfiɗa ganyen a kwando, muka jera goron, muka rufe da wani ganyen, sannan muka lulluɓe da algarara. Ruwa kan algarara ake yayyafa shi, ba a kan goron ba. Idan ya yi yawa goro ya ruɓe ko ya tsiro, idan ya yi kaɗan ya bushe. Muka tambaye ta yadda ake gane daidai. Ta kama hannun ɗayanmu ta ɗora bayansa a kan ganyen. "Ka ji? Sanyi ba jiƙa. Haka za ka same shi gobe, haka jibi. Abin da goro ba ya so shi ne yau wani hali, gobe wani."

Da dare muka ba yayanmu labari a waya. Yana aiki a wani otal a Dubai, sai muka ji ya fashe da dariya. Ya ce ai aikin Hajiya yake yi a can, illa dai shi ana biyansa. Cikin abin da yake kula da shi akwai taba irin ta Kuba, mai kaurin nan da ake naɗe ganye cikin ganye ba takarda. Shi ba ya sha, a gidanmu ma ba mai sha, amma ya san ajiyarta. Akwatin katako ake sa ta, mai ma'aunin laima a jiki. Ana son zafin ciki ya tsaya wajen digiri 21, laima kuma kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. In ta bushe ganyen ya tsage, in laima ta yi yawa ta yi fumfuna, in zafi ya hau ƙwan wani ɗan ƙwaro ya ƙyanƙyashe ya huda ta. Firji kuma ba a sa ta, don busar da ita yake yi. Ya ce a Kano, inda laimar iska take faɗuwa ƙasa da kashi 20 da hunturu sannan ta cika ɗaki a watan Agusta, mai irin wannan taba sai ya kwana da ido ɗaya.

Muka gaya wa Hajiya. Ta ce, "Su da agogo suke aunawa? Allah sarki."

Daga baya ne muka fahimci cewa abin da ke bayan hannunta tsohon ilimi ne. Goro ba ya yi a ƙasarmu, ɗan kurmi ne. Fatake sun riƙa ɗauko shi daga Salaga ta ƙasar Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni, suna kwance huhu a zango suna tsinta suna yayyafi. Da wannan fatauci Alhassan Ɗantata ya fara kafin a san shi da gyaɗa. Yau mota ce take kawo shi daga Shagamu da Ondo cikin kwana ɗaya ko biyu, amma da zarar an sauke shi a Kano, rana ɗaya ce da ta zamanin fatake. Ba banza Bahaushe ya ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi ba.

An ɗaura aure lafiya. Goro ya zaga, ba wanda ya san abin da ya faru sai mu. Lemo ne dai bai ishi kowa ba.

Yanzu ƙafa ta fara gagarar Hajiya, ɗakin ƙasa ya yi mata nisa. Mun raba kwanaki tsakaninmu. Wanda yake da aiki yakan shiga da safe, ya ɗaga algarara, ya cusa hannu, ya zubar da ganyen da ya bushe. Har yanzu mukan yi kuskure, wani lokaci ruwan ya yi yawa. In mun fito sai mu kai mata ɗaya daga daushen da take tattali tun bara. Takan juya shi a tafin hannu, ta ɓantara, ta tauna. In ta yi shiru, mun ci. In ta ce "Wa ya shiga yau?" sai mu fara kallon juna.